Yadda Ake Neman 'Yan Ƙugiya, Malam-buɗe-littafin Kurmi, Daga Jos

Duk wanda ya taso a Jos ya san malam-buɗe-littafi, irin farare da rawaya da ke taruwa kan danshin hanya bayan an ɗauke ruwa, yara na binsu da gudu. Amma akwai wani dangi nasu da yawancinmu mun sha gani ba mu san ko su wane ne ba. Ƙanana ne masu kaurin jiki, ga ƙaton kai, ga idanu ƙwala-ƙwala, launinsu galibi ƙasa-ƙasa. In sun tashi sai ka ce da danƙo aka harbo su: yanzu yana nan, kafin ka ƙifta ido ya koma wani ganye. Masana na kiran dangin Hesperiidae, Turawa kuma na ce musu skipper saboda wannan tsalle-tsalle. Ni dai 'yan ƙugiya nake ce musu, don 'yan ƙahonnin nan biyu na kansu a lanƙwashe suke daga ƙarshe kamar ƙugiyar kamun kifi.

A duniya akwai nau'insu sama da 3,500, Afirka kuma tana da fiye da 500. Wanda ya fi kowa yi wa namu na Yammacin Afirka aiki shi ne Torben Larsen, mutumin Denmak, wanda ya fitar da littafinsa mai juzu'i biyu a 2005, ya tattara nau'in malam-buɗe-littafi kusan 1,500 na yankin. Najeriya kaɗai tana da sama da 1,000.

Waɗanda masu nema ke mafarkin gani su ne na jinsin Abantis. Sun fi 'yan uwansu ado: jijiyoyin fukafukansu baƙaƙe sun fito raɗau, tsakaninsu tabo-tabo masu haske, a jiki kuma ɗigon fari da ja ko ruwan lemo. Biyu daga cikinsu, Abantis leucogaster da Abantis elegantula, wani Bafaranshe mai suna Paul Mabille ne ya raɗa musu suna a 1890. Mazauninsu kurmi ne mai duhu da yawan ruwa, tun daga Saliyo, ta Gana da kudancin Najeriya har Kamaru, kuma ko a can mutum kan yi shekaru yana shiga kurmi bai yi arba da ɗaya ba. Kada in yaudare ka, ba za ka same su a Rayfield ko Tudun Wada ba. Sai dai suna da ɗan'uwa na dajin Arewa, Abantis nigeriana, wanda Butler ya bayyana a 1901, kuma dabarar nemansu duka ɗaya ce. Abin da na fahimta bayan damina da dama shi ne, rabin abin da ake kira ƙarancinsu daga wurinmu yake. Muna fita a lokacin da ba su fita, muna duba furanni alhali suna ƙarƙashin ganye ko can ƙololuwar itace.

Mataki na farko: fara daga tsakar gida

Kafin ka kashe kuɗin mota, koya wa idonka a kan na gida. Duk inda ciyawa ta yi tsawo da damina, ko bakin fadamar shinkafa, za ka ga wasu ƙanana masu ruwan ƙasa da 'yan ɗigo farare a fiffiken gaba. Waɗannan jinsin Borbo ne da Pelopidas, tsutsotsinsu ciyawa da shinkafa da dawa suke ci. Tsaya ka lura da abu uku. Da farko ƙaho: in ƙarshensa na da ɗan kauri sannan ya lanƙwasa, ɗan ƙugiya ne, in siriri ne har ƙarshe ko mai gashi kamar gashin kaza, faɗa-wuta ne na dare. Sai jiki, wanda ya yi wa fukafukan girma. Sai zama. Wasu kan shimfiɗa fukafukai sharaf a kan ganye, wasu su tsuke su sama, wasu kuma su ɗaga na gaba rabi su baje na baya, kamar jirgin yaƙi zai tashi. Wannan zama na uku in ka gan shi ba ka buƙatar tambaya.

Mako biyu ya isa. Ranar da ka ga abu ya gifta ka ce "ga ɗaya nan" tun bai sauka ba, ka shirya.

Mataki na biyu: san inda kurmi ya rage

Jos tana kan tudu sama da mita 1,200, kuma mafi yawan saman tudun ciyawa ce da duwatsu da gonaki da kududdufan da haƙar kuza ta bari. Kurmin da ya rage siriri ne, yana bin rafi da kwazazzabo kamar zare. A nan ne ƙwarin kurmi ke maƙale, don a nan ne inuwa da laima ke kaiwa rani.

Mafi sauƙin zuwa shi ne dajin Amurum da ke Laminga, kimanin kilomita 15 daga gari ta gabas. Bai fi hekta 300 ba, amma ya haɗa abu uku wuri guda: kurmin bakin rafi, sarari mai ƙananan itatuwa, da manyan duwatsu. A cikinsa cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis take, wadda aka fi sani da APLORI, mai alaƙa da Jami'ar Jos. Tsuntsaye ne aikinsu, kuma wurin ya yi suna ne saboda wani ɗan jan tsuntsun duwatsu da masana ba su bayyana shi ba sai a 1998. Daji ne da ake karewa, mutanen Laminga kuma suna da haƙƙi a kansa tun kaka da kakanni, saboda haka ba a faɗa masa kai tsaye. Je ka ofis, ka gabatar da kanka, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka nemi izini. In sun haɗa ka da wanda ya san hanyoyin, ka yi sa'a, don masu bin tsuntsu sun san kowane rafi da kowane itace.

Na biyu shi ne gangaren tudun ta kudu da yamma, inda ruwan sama ya fi yawa kuma ake samun ɗumi. In ka sauka Hawan Kibo a hanyar Akwanga akwai magangarar ruwa ta Assop, da itatuwa masu duhu a gefen ruwan. Akwai magangarar ruwa ta Kurra ma. In kuwa kana da kwana biyu, wuce Kagoro a kudancin Kaduna, kusa da Kafanchan, inda kurmin Nindam yake. A ganina duk kewayen nan babu inda ya kama ƙafarsa wajen kama da kurmin kudu: dogayen itatuwa, igiyoyin daji, kwakwar manja, citta a ƙasa. Mai neman nau'in kurmi na ainihi ba tare da ya tsallaka Binuwai ba, can ya kamata ya dosa.

Sai maganar da ba a tsallakewa. Wasu daga cikin waɗannan hanyoyi sun sha fama da rashin zaman lafiya, kuma yanayi na sauyawa daga mako zuwa mako. Tambayi direbobin tasha, tambayi wanda ya kwana a garin jiya. In ka isa, fara da gidan mai unguwa ko dagaci, ka gaishe shi, ka nemi ya haɗa ka da ɗan gari, ka kuma sallami ɗan rakiyar da abin kirki. Baƙo mai kyamara yana leƙe-leƙe a bayan gonar mutane abin zargi ne, kuma ba laifinsu ba ne. Kada ka tafi kai kaɗai.

Mataki na uku: wata da sa'a

Ruwan Jos daga Afrilu yake zuwa Oktoba. Ni na fi samun alheri a Mayu da Yuni, lokacin da itatuwa suka yi sabon toho, sai kuma daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba. Agusta hadari ne wuni guda, ƙwarin ba su motsi. Da sanyin Disamba da Janairu kuwa, in ba can cikin kwazazzabo mai ruwa ba, wahalar banza ce.

Safiyar Jos da sanyi, don haka sammakon asuba na masu tsuntsu ne. Kai isa wurin da misalin ƙarfe 8, lokacin da rana ta fara taɓa ganye, su kuma suka fito shan hantsi jikinsu bai gama saki ba. A wannan sa'a ce kaɗai ɗan ƙugiya zai bari ka matso har ka ƙirga ɗigonsa. Daga 10 zuwa azahar mazan ke tsare wurarensu. Sannan akwai zango na biyu da kusan kowa ke asararsa, daga la'asar sakaliya zuwa magariba. Manyan na kurmi, irin su Zophopetes da Gretna da Artitropa, sai rana ta yi ja suke fita. Na Zophopetes har ƙarar fiffikensu ake ji, wani lokaci kuma su faɗo wa fitila. In za ka tsaya wannan zango, tafi da buta da darduma, ka kuma tabbata daga inda kake zuwa bakin hanya ba nisa.

Kaya ba su da yawa: takalmi mai rufe idon sawu saboda kasa da kububuwa, dogon wando, riga mai duhun launi, ruwan sha, waya mai caji ko kyamara, tocila, ɗan littafi da biro, takardar goge hannu, da robobi biyu masu murfi. Bar turare a gida.

Mataki na huɗu: nemi ganye kafin ka nemi mai fiffike

Nan ne aikin yake. Babban ɗan ƙugiya kwanakinsa kaɗan ne, yana da gudu, yana da wurin ɓuya. Tsutsarsa kuwa makonni take yi a kan tsiro guda, kuma tana barin shaida. Kusan duk tsutsotsin dangin nan magina ne. Tsutsa kan yanka gefen ganye, ta naɗo shi, ta ɗinke da zaren bakinta, ta shige ciki ta wuni, sai dare ta fito ci. In ta girma ɗakin ya yi mata kaɗan sai ta gina wani, don haka a tsiro ɗaya za ka ga ƙananan ɗakuna da aka bari da babba guda mai mai shi a ciki. Zaren tsutsa ba baƙon abu ba ne gare mu, da shi ake aikin rigar tsamiya, sai dai waccan tsutsar faɗa-wuta ce, wannan kuwa nata zaren bai wuce na ɗinke ɗaki ba.

Kowane jinsi da tsironsa, kuma wannan ne ke gaya maka inda za ka tsaya.

Fara da doya. Tagiades flesus ganyen doya da doyar daji tsutsarsa ke ci. Duba igiyar doyar daji da ta hau itace a bakin kurmi, ka nemi ganyen da aka yanka aka kifa yankin a kansa kamar murfin tukunya. Babban kuma ruwan ƙasa ne daga sama, fiffiken baya fari daga ƙasa, in yana tashi sai ka ga farin na walƙiya, sai ya ɓace ɓat. Bai tafi ko'ina ba. Ya manne ne a ƙarƙashin ganye, fukafukai a shimfiɗe. Durƙusa ka leƙa sama. Shi ne malamin da zai koya maka duba bayan ganye, kuma ba shi da wuyar samu, har a gonakin doyar Gbagyi da ke kewayen Abuja.

Na taɓa durƙusawa haka a gefen wata gona, wani dattijo ya tsaya a kaina ya ce, "Yaro, kuɗinka ne ya faɗi?" Na ce, "A'a Baba, tsutsa nake nema." Ya yi shiru, sannan ya ce, "To Allah ya sawwaƙe." Da na buɗe masa ganyen ya ga mai ɗakin a kwance, shi ya riƙa nuna mini wasu, don ya fi ni sanin inda suke, sunansu ne kawai bai dame shi ba.

Sai dangin dabino: giginya, kajinjiri, tukurwa da kwakwar manja. Tsutsar Zophopetes kan haɗa gefe biyu na siririn ganyen ta ɗinke shi ya zama kamar bututu, ta riƙa cinsa daga ƙarshe. Duba ƙananan itatuwa da ke cikin inuwa, waɗanda hannunka zai kai. A kan kwakwar manja kuma akwai Pteroteinon laufella, mai sheƙin shuɗi da jajayen idanu, wanda masu gonar manja a kudu suka sani a matsayin maɓarnaci.

A ƙasan kurmi, inda citta mai 'ya'ya da danginta suka yi cunkus, nemi ganyen da aka naɗe gefensa. Wannan aikin Semalea ne da wasu 'yan uwansu. In ka ga itacen Dracaena, mai dogayen ganye kamar takobi da ake dasawa a iyakar gona ko a tukunyar ado, duba shi da kyau, abincin Artitropa ne da Gamia. A sarari kuma taramniya na ɗauke da tsutsar Coeliades forestan, babba mai farin ɗamara a ƙasan fiffike, tsutsar tana da zane-zane da jan kai mai ɗigo baƙi.

Na Abantis fa? Wani ɗan'uwansu na gabashi da kudancin Afirka, Abantis paradisea, an same shi yana cin ganyen gwandar daji da dangin kirni, itatuwan da muke da su birjik a dajin Filato. Saboda haka ba na wuce gwandar daji ko kirni ban duba ko an manne ganye biyu wuri guda ba.

In ka sami ɗaki, buɗe shi a hankali da tsinke. Tsutsar ɗan ƙugiya yawanci ba ta da gashi, sumul take, kanta babba, wuyanta a shaƙe kamar an ɗaure. In ka ga gizo-gizo ko 'yar tsutsa mai zillo da baya da sauri, ba ita ba ce. Ɗauki hoton kan tsutsar ta gaba, don zanen fuskar ne ke bambanta nau'i, sannan hoton ganyen da na itacen gaba ɗaya, ka mayar da murfin.

Mataki na biyar: kashin tsuntsu da kan dutse

Masu kama malam-buɗe-littafi kan rataya tarko da ruɓaɓɓiyar ayaba. Wannan na kawo manya masu ƙarfi irin Charaxes, amma 'yan ƙugiya ba su cika kula shi ba. Abin da ke jansu shi ne kashin tsuntsu a kan ganye, saboda gishiri da sinadaran da ke ciki. Masu bincike a kurmin Kudancin Amurka suka ƙirƙiro dabara: a yagi takardar goge hannu kamar girman farce, a jiƙa ta da miyau ko ruwan gishiri, a manna a saman ganye daidai ƙirji. Daga nesa kashin tsuntsu ce sak. Manna goma zuwa ashirin a gefen hanyar kurmi inda rana ke ɗan ratsowa, ka riƙa zagayawa kana sake jiƙa su. In za ka tafi, kwashe abinka.

Kan dutse kuwa na mazan Abantis ne. Nau'in da ba shi da yawa yana da matsalar haɗuwa da mace, sai mazan su hau wuri mafi tsayi a yankin su tsaya, matan su same su a can. Wannan ya sa duwatsun Amurum da na Shere suka dace da aikin. Ba sai dutse mafi girma ba, wanda ya ɗara na kusa da shi kuma yake da 'yan itatuwa a kai ya isa. Hau kafin ƙarfe 11, ka zauna inda kake ganin ƙarshen rassan. Namiji kan zaɓi reshe ɗaya, ya kori duk abin da ya gifta, ya dawo daidai inda ya tashi. In ya tashi kada ka bi shi. Saita kyamara a kan reshen ka jira.

Furanni ma na da amfani, musamman lantana da ta cika gefen Amurum, duk da cewa baƙuwar shuka ce mai cinye wuri. Da magariba kuma tsaya kusa da namijin gwanda mai fure.

Mataki na shida: hoto da rubutu

Hoto ɗaya ba ya isa gane ɗan ƙugiya. Ɗauki na farko daga nesa don kada ka tashi a tutar babu, sannan ka matso taku-taku, kada inuwarka ta faɗa kansa. Kana buƙatar saman fiffike, ƙasansa, da ƙaho. Nan take rubuta rana, sa'a, wuri, abin da yake yi da tsiron da ya sauka a kai, ka bar wayarka ta ɗauki lambobin wurin.

Ɗora hotunan a iNaturalist, manhajar da ake ɗora hotunan halittu don a gano sunansu. Kyauta ne, kuma akwai masana ƙwarin Afirka da ke dubawa su gyara suna. In manhajar ta ba ka suna da kanta, kada ka karɓa ido rufe, ta fi ƙwarewa a kan na Turai da Amurka. Rubuta Hesperiidae kawai ka jira. Wasu nau'in ma ba a raba su sai an duba al'aurar namiji a madubin ƙara girma, don haka in an tsaya a sunan jinsi ba gazawarka ba ce. In abin ya zama mai wuyar samu, akwai wurin ɓoye ainihin inda ka gan shi, yi amfani da shi.

Mataki na bakwai: reno

Wannan na wanda ya sami tsutsa a gona ko a dajin da ba a karewa ne, da yardar mai wurin. Daga Amurum ba a fita da komai sai hoto.

Yanko ganyen da ɗakin yake kai, ka sa a roba mai murfi da takardar goge hannu a ƙasa, ka ɗebo ƙarin ganyen wannan tsiron dai, ba mai kama da shi ba, ka ajiye a leda cikin sanyi. Tsutsar za ta gwammace yunwa ta kashe ta da ta ci wani ganye. Kullum buɗe robar, zubar da kashin, goge raɓar da ta taru, sa sabon ganye kusa da tsohon ka bar ta ta koma da kanta. Kada rana ta taɓa robar, kuma ɗora ta inda kiyashi ba zai kai ba. In ta daina ci ta takure, ba ciwo ba ne, rikiɗa za ta yi ta zama ƙulli mai ɓawo a cikin ɗakin nata. Na dangin dabino sau da yawa za ka ga farin gari kamar alli a jikin ƙullin, haka halittarsu take. Sa ɗan tsinke a tsaye don ya sami abin kamawa ya miƙe fukafukai in ya fito, yawanci cikin mako biyu zuwa uku.

Wani lokaci maimakon malam-buɗe-littafi sai ƙuda ko 'yan ƙananan zanzaro su fito, don tun a daji uwarsu ta yi ƙwai a jikin tsutsar. Ɗauki hotonsu su ma, ka rubuta. Wanda ya fito lafiya kuwa, yi masa hoto sama da ƙasa tun fukafukansa ba su goge ba, ka mayar da shi inda ka ɗauko shi.

In ido ya buɗe, sai kudu

Bayan damina ɗaya ko biyu a kurmin rafukan Filato da Kagoro, za ka so ganin Abantis ɗin nan biyu na Mabille da idonka. Wurarensu su ne gandun daji na ƙasa na Kuros Riba, wanda aka kafa a 1991, musamman ɓangaren tsaunukan Oban, sai Okomu a jihar Edo da kurmin Omo a Ogun. Ana shiga da izini da ma'aikacin gandun. Can itatuwa sun yi tsawon da ba za ka ga samansu ba, don haka nemi inda babban itace ya faɗi rana ta sami shiga, ko tudu a cikin kurmin, ka manna takardunka a nan. A hanya kuma, in ka bi ta gonar yazawa kusa da kurmi, duba ganyen. Tsutsar Pyrrhochalcia iphis na cinsa, wanda shi ne mafi girman 'yan ƙugiya a Afirka, baƙi mai sheƙin shuɗi da kore da jan kai, kuma yana tafiya a hankali har ka iya binsa da ƙafa.